Fuskar Ɗan Simalos

Atina, ƙarshen tsinkar inabi

Zuwa ga yayata Mirtis, a tsibirin Limnos,

Gaisuwa mai yawa da ban-girma. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan matan, ina kuma fata ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Matata Filinna tana gaishe ki, ta ce zumar da kika aiko ta ƙare tuni, wai ni na shanye. Kin ga ina ta kewaye-kewaye, don ban san ta inda zan fara ba.

Yaya, nemi wuri ki zauna, ki kuma riƙe wannan tukuna: ɗanki Telon yana raye, a kan ƙafafunsa yake. Abokinsa Lamiskos ne ya rasu, kuma ta hannun Telon abin ya faru.

Kin tuna da kika ba ni yaron nan riƙo, na ga hannunsa ba na sana'ata ba ne, sai na kai shi tashar Firayus wurin masu haɗa jiragen ruwa, shi da Lamiskos ɗan maƙwabcinmu Simalos mai kifin gishiri. Ranar da abin ya faru suna ɗaga gungumen tsakiyar wani jirgi. Ɗaya yana riƙe da igiya, ɗaya yana ƙasa yana saita gindin gungumen. Musanya suke yi kullum, yau kai ne a igiya, gobe kai ne a ƙasa. Ruwan sama ya kwana yana dukan igiyar, ta zame daga hannun Telon har ta ɗebe masa fatar tafi. Lamiskos ko ihu bai yi ba.

An kai magana gaban masu shari'ar jini. Sun saurari kowa, suka ce ba da gangan ba ne, babu kuma wanda ya yi musu, har Simalos ɗin. Amma kin san dokarmu. Wanda jini ya zuba ta hannunsa, ko da kuskure ne, sai ya bar ƙasa, ba zai sake taka ta ba sai dangin mamacin sun yafe, uba da 'yan'uwa maza, baki ɗaya. Mutum guda ya ce a'a, magana ta mutu. Damon, wan Lamiskos, tun a bakin kotu ya ce shi ya yafe. Simalos ya ce a zo a tambaye shi ranar da ɗansa ya dawo gida cin abinci.

Na raka Telon har Megara, na sama masa ɗaki a gidan wani masaƙi, zai riƙa wanke masa ulu yana samun na ci. A wajen dutsen iyaka ya tsaya ya daɗe yana kallon baya. Can ya ce, “Kawu, in na mutu a can, ƙasar wa za ta rufe ni?” Na ce ya rufe mini baki, saurayi kamarsa ba shi da abin yi da zancen kabari. Na daka masa tsawa ne don kada ya ga idona.

Da na dawo na shiga rumfa, sai idona ya faɗa kan ƙwaryoyin nan nawa. Kin san yadda nake aiki: in kama duk wanda fuskarsa ta burge ni, in shafa masa mai, in danna masa yumɓu, in ya bushe in sami ƙwarya mai siffarsa a ciki. A cikinta nake liƙa lilin da danƙo har fuskar da 'yan wasa suke sawa ta fito. Bara na kama su biyun rana guda. Suna ta dariya a ƙarƙashin yumɓun ina zaginsu, kowa yana tsokanar hancin ɗan'uwansa, don tun suna yara suka karya wa juna hanci a filin kokawa. In kina kallonsu, na Telon ya karkata hagu, na Lamiskos dama. Na juya ƙwaryoyin biyu suka fuskanci bango.

Jirgin da zai kawo miki wannan wasiƙa shi ne na ƙarshe kafin sanyi ya rufe teku, don haka kada ki ce za ki taso. Ki bar mini Simalos. Maƙwabcina ne tun kafin in yi gemu, kuma ba mugu ba ne. Zan bi shi a hankali, kafin jirage su sake tashi ki ji alheri.

Alloli su tsare ki, su kwantar miki da hankali.

Ƙaninki,
Kerdon


Atina, tsakiyar sanyi

Yayata Mirtis,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ya sanyi a wajenku? Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, bango har gansakuka yake yi. Wani ɗan tsibirinku mai fataucin giya, wanda bai ɗauki ransa a bakin komai ba, ya ce zai tsallaka, shi ne na ba shi wannan. In ta iso jiƙe, ki yi haƙuri.

Na yi miki alkawarin alheri, ga shi ban zo da shi ba. Na je Megara sau biyu. Telon ya kamu da tari. Yini yake hannunsa cikin ruwan sanyi yana wanke ulu, ɗakin kuma iska tana shiga ta ko'ina. Na kai masa bargo da ɓaure da man zaitun, na biya masaƙin don ya ɗauke masa aikin ruwa, amma tarin ya riga ya sauka ƙirji. Ba ya tambayar kowa sai Simalos. Da zan taho ya ce, “Kawu, ka ce masa ba sai ya gan ni ba. Ya bar ni kawai in shigo in kwanta a wani lungu.” Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ban ji daɗin yadda wuyansa ya zama ba.

Na tari Simalos a kasuwa, a gaban tulunan kifinsa. Tun daga nesa ya ce, “Kerdon, kifi ka zo saye ko wa'azi ka kawo?”

Na ce, “Dattijo, yaron ba shi da lafiya. Tari yake kamar zai tsage.”

Ya ce, “Tari? To ai yana numfashi ke nan. Nawa ba ya tari.”

Sai ya naɗe mini kifi biyu a ganye ya tura mini, ya ƙi karɓar komai, ya juya wa wani mai saye. Na aika dattawan unguwa, na aika Damon, har matarsa ta yi kuka ta gaji. Ya hana a ambaci sunan Telon a gidansa. Wannan fa shi ne Simalos ɗin da kika sani, wanda duk shekara a wasannin kwaikwayo na bikin Diyonisos ake jin kukansa daga sahun gaba har na ƙarshe. A kashe wani ɗan sarkin da ba a taɓa haifa ba, Simalos ya jiƙa mayafinsa sharkaf. Ga na gaske yana tari a Megara, ido a bushe.

Zancen biki ya kawo ni ga abin da na shirya. A cikin mawaƙa ukun da aka zaɓa su yi gasa bana akwai wani saurayi da gemunsa bai gama fitowa ba, kuma ni aka ba aikin fuskokinsa. Wasan nasa labarin wani bara ne a gidan wani tsohon basarake na zamanin da. An ba shi tsaron wutar murhu, barci ya sace shi, gida ya kama, ƙaramin ɗan maigidan ya mutu a ciki. Sai ya zo da reshen zaitun ya durƙusa yana roƙon tsohon ya kama hannunsa. Tsohon ya ƙi, ya kore shi, ƙarshe aka rasa su duka. Kin san wasanninsu, duk haka suke: wani ya yi abin da bai nufa ba, wani ya kafe, 'yan amshi suna gefe suna ta ba da haƙuri babu mai ji.

Mawaƙin ya zo rumfata yana ta safa da marwa, ya ce, “Fuskar baran nan nake so ta zama wadda in ta juyo, mai cin gyaɗa ya manta da abin da ke bakinsa.” Na ce masa ni lilin nake liƙawa, ba tsafi nake ba. Ya ce, “Haba Baba Kerdon! Kana jin don me gari yake rufe kotu, ya saki har 'yan kurkuku, ya zaunar da kowa a gindin dutse tun safe? Don mutum ya ga abin da taurin kai yake ja a gidan wani kafin ya ja a nasa.” Na ce tun kafin a haife shi nake ganinsu suna kuka da safe, da yamma su koma kasuwa su tauye mudu. Ya fita yana cewa tsufa ya cinye ni.

Filinna tana bayan labule tana jinmu. Yana fita ta ce, “Kai dai wani lokaci kanka kamar na tulu. Kana da fuskar yaron a kan kanta, kana yawo kana aika tsofaffi? Simalos ya ƙi ganinsa, ya ƙi jin sunansa. To a wajen wasa fa? Zai iya tashi a tsakiyar jama'a? Zai iya kau da kai?” Na ce ban yarda wasa yana gyara kowa ba. Ta ce, “In kana da abin da ya fi, kawo.” Ba ni da shi.

Don haka na sauko da ƙwaryoyin nan biyu, na leƙa ciki, na ɗauki mai hanci a hagu, na liƙa lilin mafi laushi da nake da shi. Baran zai fito gaban duk Atina da fuskar ɗanki. Da wannan laimar zai daɗe bai bushe ba, ba kuma a kusantar da shi wuta, sai ya murɗe. Na sa shi can saman kanta, ba zan ciro ba sai dab da biki.

Ki yi wa allolin gidanku hadaya, ki roƙa masa ya kai lokacin. Filinna tana gaisuwa.

Naki,
Kerdon


Atina, bayan biki

Yaya Mirtis,

Gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ba zan ja ki ba: an yafe. Simalos ya yafe a gaban shaidu, shi da Damon, an rubuta. Gobe da asuba za mu tafi Megara mu ɗauko Telon. Yanzu ki share hawayenki ki ji yadda aka yi, don ni kaina har yau ban dawo daidai ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki na sauko da ƙwaryar, na zare fuskar a hankali, na juyo ta. Yaya, Lamiskos ne yake kallona. In mutum ya leƙa cikin ƙwarya, ta bayan fuska yake kallo, na dama ya koma hagu. Wannan shi ne abu na farko da ubanmu ya koya mini a sana'ar nan, ni kuma na koya wa wasu. Ranar da na fi bukatarsa, hankalina yana Megara, sai ya kwanta mini.

Na so in jefa ta wuta. Filinna ta dafa kai ta ce, “Ka tono wa mutum ɗa daga kabari ka sa shi rawa? Simalos zai kashe ka, kuma ba wanda zai ga laifinsa.” Muna cikin haka babban ɗan wasan ya shigo gwaji, ya ɗauke ta ya sa, ya juya wuya sau ɗaya, ya rantse ba zai fita da wata ba. Lokacin zuba sabuwa kuma babu. Na lallashi kaina cewa in na shafa farin fenti na ɗora gashi, daga nesa ba mai ganewa. Kusan kuwa haka aka yi. Duk taron nan mutum ɗaya ne ya gane.

Ranar wasanmu Damon ya jawo uban da ƙyar, suka sami wuri a ƙasa-ƙasa, ni ina gefe inda nake hango ƙeyarsa. 'Yan amshi suka shigo suka yi waƙar gobara, mutane suna ta ɓare gyaɗa. Sai baran ya fito da reshen zaitun, kansa a sunkuye, ya je ya durƙusa gaban tsohon, sannan ya ɗago fuska a hankali ya juyo ta wajen jama'a. Na ga kafaɗun Simalos sun ɗaga sun tsaya.

Baran ya miƙa hannu ya ce, “Baba, hannun nan da kake ƙyama, shi ya zuba maka ruwan wanka jiya. Bai canja ba. Dare ɗaya ne ya faɗa masa.” Tsohon ya naɗe nasa hannun a cikin mayafi ya juya baya. Nan Simalos ya miƙe tsaye a tsakiyar mutane, ya kwarara ihu da muryar nan tasa ta tallan kifi: “Kama hannunsa! Kai tsohon banza, kama hannunsa mana, ɗana ne!”

Wasu can sama suka fashe da dariya, wasu suna cewa a zaunar da mahaukacin, masu tsaro suka taso da sandunansu. Damon ya tare su yana ba da haƙuri. 'Yan wasan kuwa ba su da ikon canja ko kalma ɗaya, abin da aka rubuta shi za su faɗa. Simalos yana tsaye yana kallo aka kori ɗansa daga gari, yana tsaye manzo ya shigo ya ba da labarin yadda baran ya faɗa daga kan dutse, yana tsaye tsohon ya dawo yana neman wanda zai kira shi baba a gidan da ba kowa. Kowa ya yi kuka, har ni da nake cika baki. Simalos kaɗai bai yi ba, karo na farko tun da na san shi.

Washegari da safe ya shigo rumfata ba ko gaisuwa, ya ɗauke ni da mari har na faɗa kan tukunyar danƙo. Ya ce, “Wa ya ba ka izini? Wa ya ba ka izinin taɓa mini ɗa?” Na gaya masa gaskiya, cewa Telon na nufa, hannuna ya kuskure. Ya ce, “Hannunka ya kuskure.” Ya maimaita, sannan ya zauna a kan buhun gashin akuya.

Can ya ce, “Ran nan da zai fita ya ce mini, ‘Baba, yau ni ne a ƙasa, gobe Telon.’ Ka ji? Da ruwan nan ya jinkirta kwana ɗaya, da nawa ne a Megara yana wanke ulu. Da ni ne nake bin ka kasuwa, kai kana ce mini ai yana numfashi.” Sai kukan da ya riƙe tun kaka ya zo masa, har Filinna ta fito ta rufe ƙofa don kada 'yan unguwa su taru.

A take ya so a je a rubuta, amma kotu a rufe take har a gama biki, kuma bayan biki sai da aka yi taron gari tukuna. Muka jira, ni ina ƙirga tarin da ba na ji. Jiya dai aka yi. Simalos ya ce shi da kansa zai je Megara, ya ari keken alfadari ya shimfiɗa masa fatu. Ya kuma ce in sani ni bai yafe mini ba, marin ma saura ɗaya.

Wasanmu shi ya zo na ƙarshe a gasa, alƙalai sun ce hayaniya ta ɓata shi, mawaƙin ya daina amsa gaisuwata. Abin da ya yi kyau a ciki, fuskokin wanda ya ci gasa ne ake ratayewa a haikali. Tamu ba mai so, don haka Simalos ya naɗe ta a mayafi ya tafi da ita gida.

Teku ya buɗe, Yaya. Ki shiga jirgin farko ki zo ki yi jinyar ɗanki da hannunki, don romon Filinna ba ya ta da mara lafiya, kada dai ki gaya mata na faɗa. Ki taho da zuma.

Ƙaninki mai murna,
Kerdon


Atina, kwana kaɗan bayan waccan

Yayata,

Ina gaishe ki. Ina roƙon alloli wannan ta riske ki kafin ki shiga jirgi, ki karanta ta a ɗakinki, maigidanki yana kusa. In kuwa kin riga kin taso, to ita da ke kun yi saɓani a kan ruwa, kuma da bakina zan faɗa miki.

Telon ya rasu, Yaya. A hanya, muna dawowa.

Mun same shi a kwance, ya zama ƙashi da ido. Da ya ga wanda ya shigo bayana, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai ya tura hannunsa na dama ƙarƙashin bargo. Simalos ya durƙusa ya zaro hannun, ya buɗe tafin, ya daɗe yana kallon tabon igiyar. Telon ya ce, “Baba, igiyar ce ta…” Simalos ya ce, “Na san igiyar. Tashi, ɗan banza, ka bar ni da tulunan kifi ba mai ɗauka mini.” Telon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ga jini a gefen bargon.

Masaƙin ya ja ni gefe ya ce kada mu motsa shi, ba zai jure hanya ba. Telon ya ji, ya ce in mun bar shi ya ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan, da rarrafe zai taho. Na duba Simalos, Simalos ya dube ni, muka ɗauke shi. Ban sani ba ko daidai muka yi. In kina da tuhuma ki ɗora a kaina, ni ne kawunsa.

Ni nake kaɗa alfadari, Simalos yana baya ya ɗora kan yaron a cinyarsa, hannunsa a cikin nasa. Rana ta fito sosai, gefen hanya duk furanni. Kowane ɗan lokaci Telon sai ya ce, “Mun wuce dutsen?” Simalos ya ce saura kaɗan. Da muka hau gangaren ƙarshe, ina hango dutsen iyakar can gaba kamar nisan jifa uku, ya sake tambaya, muryar da ƙyar take fita. Na buɗe baki zan ce ga shi can, Simalos ya riga ni. Ya ce, “Tun ɗazu. Ba ka ji iskar ta canja ba? Har warin kifina ina ji daga nan.” Telon ya ce, “Na ji.”

Daga nan ban sake jin tari ba. Na waiwaya, na ga abin da na gani, na ja linzami. Simalos ya ce, “Barci yake. Kaɗa alfadarinka.” Na kaɗa. Sai da ƙafafun keken duka suka wuce dutsen ya ce in tsaya. Ya sauka ya ɗebo ƙasa ya zuba a tafin yaron ya rufe masa yatsu, ya rufe masa ido, sannan ya dube ni ya ce, “A ƙasarmu ya cika, Kerdon. Ni ne shaida, kai ne na biyu. Ka ji ko?” Na ce na ji.

Haka duk Atina ta sani, haka kuma zan faɗa har in mutu. Ke kaɗai na gaya wa yadda aka yi, don ke kika haife shi, kuma ina so ki san cewa shi a saninsa a gida ya mutu.

Filinna da matar Simalos suka wanke shi. Simalos ya roƙa a sa shi kusa da Lamiskos, a bakin hanya bayan ƙofar gari, ni kuma na amince a madadinki. Damon ya ɗauki gaban makara, ni da Simalos muka ɗauki baya. Mawaƙin nan ma ya zo, ya tsaya nesa. Da ake watsewa ya matso zai yi magana, na ce masa ya yi gaskiya, wasansa ya yi aikin da dattawan unguwa suka kasa, na janye abin da na faɗa. Amma na tambaye shi me ya sa sai an jira biki. Tun kaka yaron nan yake tari, mutumin da zai cece shi yana maƙwabtaka da ni, zuciyarsa tana da ƙofa, mu duka muka rasa ta sai da aka buga ganga aka sa fuska. Ba amsa nake nema ba. Haushi nake ji, Yaya, ban kuma san wa zan ba shi ba.

Simalos ya daina fita kasuwa. Kullum da hantsi sai ya zo rumfata ya zauna a kan buhun nan, in rana ta karkata ya tashi. Jiya ya tambaye ni ranar da za ki iso, ya ce yana so ya tsaya gabanki ki faɗa masa duk abin da ke ranki. Na ce masa wannan ke ce da iko, ba zan roƙa masa ba.

Daga gobe zan riƙa sauka Firayus kowace safiya ina duba jiragen Limnos. In ba ki taso ba tukuna, ki zo duk da haka, akwai abinki a wurina. Ƙwaryarsa tana nan, ban taɓa zuba komai a ciki ba, ba kuma zan zuba ba. Yau na sauko da ita na goge ƙura. Yumɓun ya ɗan tsage a gefen baki, daidai inda ya yi dariya ranar nan ina ce masa ya tsaya cik.

Filinna tana miki ta'aziyya, ta kasa daina kuka. Ki gaida maigida, ki rungume mini 'yan matan. Alloli su ba ki ƙarfin da ni ban samu ba.

Ƙaninki,
Kerdon